Hisabin Man da Ake Nomawa

A shekarar 1900, a babban bikin baje-kolin da aka yi a birnin Paris, an nuna wa jama'a wani ƙaramin inji irin wanda Rudolf Diesel ya ƙago, yana aiki lami lafiya, alhali kuwa abin da aka zuba masa man gyaɗa ne tsantsa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana da ƙasashen mallaka a Afirka inda gyaɗa ke yi ƙwarai, tana ganin la'alla wata rana a riƙa noma abin da zai juya injinan can a can. Tunanin bai yi nisa ba a lokacin, saboda fetur ya zo da arahar da ta rufe bakin kowa, sai maganar ta kwanta fiye da shekara 70, ba ta farka sosai ba sai a 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka ƙuntata sayar da mai, farashinsa ya ninka kusan sau 4 cikin 'yan watanni, ƙasashen da ba su da rijiyoyi suka shiga waige-waige.

Birazil ce ta fara ɗaukar al'amarin da muhimmanci, domin a 1975 gwamnatinta ta kafa shirin nan da ake kira Proálcool, na sarrafa ruwan rake ya zama etanol, watau ruhin da ke cikin barasa, wanda idan aka tace shi sosai yakan kama wuta ya tuƙa mota kamar fetur. Daga 2003 kuwa aka shiga sayar da motoci a can masu shan kowanne daga cikin biyun, mai mota ya duba wanda ya fi sauƙi ran nan ya saya. Amurka ta biyo baya da masara, ta yi doka a 2005, ta ƙarfafa ta a 2007, inda ta wajabta wa kamfanonin mai su riƙa gauraya man tsirrai cikin abin da suke sayarwa har ya kai galan biliyan 36 a shekara kafin 2022, wanda aka yarda biliyan 15 daga ciki su fito daga masara. Sakamakon haka, yau fiye da sulusin masarar ƙasar, ita da ta fi kowa noman masara a duniya, masana'antun etanol take nufa. Tarayyar Turai ta yi nata dokokin a 2003 da 2009, Indonesiya kuma ta juya ga manja, tana zuba shi cikin man dizal, kashi 30 cikin 100 a 2020, har ta kai kashi 40 a 2025.

Hujjar da aka gabatar wa jama'a a ko'ina iri ɗaya ce, cewa ƙasa za ta rage dogaro da man waje, manomi zai sami tabbatacciyar kasuwa, duniya kuma za ta sami sauƙin iskar da ke ɗumama ta, tun da tsiro ya riga ya shaƙi kabon daga sama sa'ad da yake girma, abin da ya fita ta bututun mota mayarwa ce kawai. Akwai gaskiya cikin wannan magana. Amma masana tattalin arzikin noma, waɗanda sana'arsu ita ce bin diddigin kowane kwabo daga gona zuwa kasuwa, suna da wata ƙa'ida da ta hana su tsayawa ga zahiri. Tun a 1920 wani malamin Jami'ar Cambridge, Arthur Pigou, ya bayyana cewa akwai ɓarnar da ciniki ke haifarwa wadda mai saye bai biya ba, mai sayarwa bai biya ba, sai ta faɗa kan wani na uku da ba a yi shawara da shi ba, bai kuwa ci ko anini cikin ribar ba; abin nan dai da Bahaushe ya taƙaita da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malaman fiƙihu ma sun daɗe a wannan babi, inda suke bahasin wanda ya gina tanderu ko majema jikin gidan maƙwabcinsa har hayaƙi ko wari ya cutar da shi, suna hukunta cewa halaccin sana'a bai ɗauke wa mai ita alhakin cutarwa ba. Mas'alar da ke gabanmu ke nan: idan aka shigar da tsadar abinci, da ɗumamar yanayi, da cuta cikin lissafin man da ake nomawa, shin riba ta saura, kuma wa ke biyan abin da ba a rubuta ba?

Mu fara da buhu, tun da shi kowa ya sani. Tan ɗaya na masara yana ba da etanol wajen lita 400, watau buhu mai kilo 100 yana ba da lita 40, abin da da ƙyar zai cika tankin ƙaramar mota, kuma da yake ƙarfin etanol sulusi biyu ne kawai na ƙarfin fetur, tafiyar da za a yi da shi ba ta kai ta lita 30 na fetur ba. Alhali wannan buhun, da gida aka kai shi aka surfa aka niƙa, zai riƙe mutum guda da tuwo da koko kimanin wata 5. Adalci ya wajabta a ƙara da cewa ba duka buhun ke ƙonewa ba, domin kusan sulusinsa yakan dawo a dusa mai gina jiki da ake ba shanu da kaji, kuma masarar Amurka galibinta ta dabbobi ce tun asali. Sai dai kasuwar hatsi ta duniya a haɗe take, idan masara ta yi daraja a kasuwar Chicago ta Amurka, manomi ya rage alkama da waken soya ya ƙara masara, su ma sai su tashi, mai sayen burodi a Alƙahira ko Legas ya ji a jikinsa ba tare da ya san mafarin abin ba.

An ga haka ƙuru-ƙuru a 2007 da 2008. A watan Janairu na 2007 dubban mutane suka fito zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar wainar masarar da ita ce cimarsu ta yau da kullum. A Fabrairu na 2008 tarzomar tsadar rayuwa ta ɓarke a Kamaru da Burkina Faso. A Afrilu majalisar Haiti ta tsige firayim minista. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, ya kai ga cewa mayar da gonar abinci ta zama ta mai laifi ne na cin zarafin bil'adama, ya nemi a dakatar da shi shekara 5. Da aka koma ga alƙalami kuwa sai saɓani ya bayyana, saɓanin da ya kamata mai karatu ya san girmansa. Masu ba fadar shugaban Amurka shawara suka ce rabon man tsirrai cikin tashin farashin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Mark Rosegrant na cibiyar IFPRI ya ƙiyasta kashi 30 na tashin farashin hatsi tsakanin 2000 da 2007. Donald Mitchell na Bankin Duniya ya kai shi kashi 70 zuwa 75, bayan ya haɗa da abubuwan da suka biyo baya, irin su ƙarewar ajiya da hana fitar da hatsi. Abin da ya kawo wannan tazara shi ne musibu sun haɗu lokaci guda, ga fari a Ostireliya, ga gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta ja takin zamani sama, ga Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da shinkafa har farashinta ya ninka kusan sau 3, ita da ba a yin mai da ita. Daɗa kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba, wani farashin kanti yake dubawa, wani na ɗanyen hatsi. Bayan ƙura ta lafa, Michael Roberts da Wolfram Schlenker suka nuna a 2013 cewa dokar Amurka tana janye kusan kashi 5 cikin 100 na abincin da duniya ke samu daga masara da alkama da shinkafa da waken soya, kuma hakan ya isa ya ɗaga farashinsu da kashi 30, ko kashi 20 in an lissafa dusar da ke dawowa. Wannan ƙiyasi na tsakiya shi ne ya fi rinjaye a wurina.

Kashi 20 abu ne mai sauƙi ga wanda ushirin samunsa kawai ke tafiya kan abinci, amma ga magidancin Nijeriya, wanda fiye da rabin abin da yake kashewa a tukunya yake ƙarewa, shi ne bambancin ci sau uku da ci sau biyu. Kada kuma a yi saurin cewa ai manomi ya amfana, domin ƙaramin manomi da yawa yakan sayar da kaka lokacin araha don biyan bashi, ya dawo kasuwa da mudu tsakiyar damina lokacin tsada, ya zamana abin da ya saya ya fi abin da ya sayar. Illa mafi girma cikin irin waɗannan dokoki ita ce taurinsu. A 2012 fari ya afka wa gonakin masarar Amurka, farashi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, shugaban hukumar abinci ta FAO, José Graziano da Silva, ya roƙi a sassauta dokar na ɗan lokaci, gwamnonin jihohi masu kiwo ma suka roƙa, hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta ƙi a watan Nuwamba. Ma'anar haka ita ce, sa'ad da hatsi ya yi ƙaranci, doka ta riga ta tanadar wa mota rabonta, ragin sai ya faɗa kan dabba da mutum, a cikin mutane ma kan wanda ya fi rauni.

Hujjar ɗumamar yanayi kuwa, wadda ita ce ginshiƙin da aka fi jingina da shi, ta gamu da jarrabawa mai tsanani a watan Fabrairu na 2008, sa'ad da mujallar Science ta buga bincike biyu tare. Joseph Fargione da abokan aikinsa suka yi tambayar da aka tsallake, watau kafin a shuka, me ke kan ƙasar? Daji da ciyawa, da ita kanta ƙasar da ke ƙarƙashinsu, suna ɗauke da kabon da aka tara shekaru aru-aru, wanda da an sare an ƙona an yi huɗa zai tashi sama, ya zama bashin da man zai ɗauki zamani yana biya kafin a fara maganar riba. Da suka ƙididdige wa'adin biyan, sai suka sami shekara 17 ga raken da aka shuka a dajin Cerrado na Birazil, shekara 93 ga masarar da aka shuka a makiyayar tsakiyar Amurka, shekara 319 ga waken soya a kurmin Amazon, da shekara 423 ga kwakwar manja a fadamun Indonesiya da Maleshiya, waɗanda ƙasarsu ruɓaɓɓen itace ce mai zurfi. Timothy Searchinger da nasa abokan suka ƙara da wata hujja mafi laushi, cewa ko da ba a sare ko reshe ɗaya a jihar Iowa ta Amurka ba, masarar da aka janye daga kasuwa sai an noma madadinta a wani wuri, tsadar da ta haifar ita za ta tura wani manomi can wata nahiya ya shiga daji da gatari; da aka lissafa wannan, suka ce etanol na masara ya kusan ninka hayaƙin fetur cikin shekara 30, ba zai biya bashinsa ba sai bayan shekara 167.

Ba a bar wannan magana ta wuce haka nan ba. Thomas Hertel na Jami'ar Purdue da jama'arsa suka sake lissafin a 2010, suka sami rubu'in abin da Searchinger ya samu, bisa hujjar cewa tsada takan sa manomi ya ƙara wa tsohuwar gonarsa taki maimakon ya buɗe sabuwa, dusa na maye gurbin wani kaso, masu saye kuma sukan rage ci. A nan akwai abin da ya wajaba a tsaya a kansa, kuma Searchinger ya fito da shi fili a 2015: cikin lissafin da hukumomi ke dogara da shi, wani kaso mai kauri na sauƙin hayaƙin da ake yaba wa etanol da shi daga ragin cin abinci yake fitowa, watau hatsin da aka ƙona ba a noma madadinsa ba domin wasu sun haƙura da shi. Ban ga yadda mai hankali zai rubuta yunwar talaka a shafin riba ba. Muhawarar dai ba ta mutu ba, domin a 2022 Tyler Lark na Jami'ar Wisconsin da abokansa, bayan sun bi gonaki ɗaya bayan ɗaya da hotunan tauraron ɗan'adam, suka ce dokar Amurka ta ɗaga farashin masara da kashi 30, ta faɗaɗa nomanta da hekta miliyan 2.8, kuma etanol ɗin bai fi fetur tsabta ba, la'alla ma ya fi shi ƙazanta da aƙalla kashi 24. Ma'aikatar gona ta Amurka da masanan cibiyar Argonne kuwa suna nan kan cewa ya fi fetur sauƙi da wajen kashi 40. Abin da babu jayayya a kansa shi ne tsirran ba ɗaya suke ba. A 2010 hukumar muhalli ta Amurka da kanta ta ba etanol na rake ragin hayaƙi na kashi 61 bisa fetur, na masara kashi 21, domin rake ba a sake dasa shi sai bayan shekara 5 ko 6, kuma tuƙarsa ake ƙonawa a juya masana'anta har a sayar da rarar lantarki, alhali masara sai an yi mata takin zamani mai yawa an kuma dafa ta da gas ko kwal. Tarayyar Turai ta ja da baya a aikace, ta ƙayyade man da ake yi da abinci kada ya wuce kashi 7 cikin 100 na man sufuri a 2015, sa'an nan a 2018 ta yanke shawarar da za ta fitar da manja daga lissafinta kafin 2030.

Shi kansa sauyin yanayin da ake son magancewa yana cin gonar da ake rabawa tsakanin ciki da tanki. Schlenker da Roberts sun tabbatar a 2009 cewa masara na jin daɗin zafi har zuwa digiri 29, daga nan sai amfani ya riƙa faɗuwa da sauri. David Lobell da abokansa, bayan nazarin gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 a Afirka, suka ga kowane ƙarin digiri ɗaya na yini guda bisa 30 yana rage amfani da kashi 1 cikin 100 idan ruwa ya wadata, da kashi 1.7 idan ana fari; a 2021 kuma Ariel Ortiz-Bobea na Jami'ar Cornell ya ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta zaftare kashi 21 na bunƙasar noma tun daga 1961, a ƙasashe masu zafi irin na Afirka kuwa tsakanin kashi 26 da 34.

Sai babin cuta, wanda ya fi jinkirin shiga lissafi, ya kuma fi nauyi da ya shiga. A 2009 Jason Hill na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka haɗa ɓarnar yanayi da kuɗin rashin lafiya wuri guda, suka sami cewa a kan mai daidai da galan biliyan 1 na etanol, fetur yana jawo wa jama'a hasarar dala miliyan 469, etanol na masara dala miliyan 472 zuwa 952, gwargwadon wutar da masana'anta ke amfani da ita, wanda aka yi da kara da ciyawa kuwa dala miliyan 123 zuwa 208 kacal. Mafi yawan cutar ba daga bututun mota take fitowa ba. Daga gona take, inda iskar amoniya ke tashi daga taki ta haɗu da wasu sinadarai a sama, ta zama ƙura mai laushin da ke ratsa huhu ta shiga jini, har a 2019 Hill ya danganta mutuwar mutum 4,300 kowace shekara a Amurka ga gurɓatar iskar noman masara, ya ƙiyasta hasarar a dala biliyan 39.

Rake ma, duk da yabon da ya samu, yana da nasa alhakin. Al'adar da aka gada ita ce a cinna wa gonar wuta da dare don a ƙone ganye a kori macizai, da asuba mai yanka ya shiga cikin toka da adda, sanye da kaya masu kauri saboda kaifin ganye, yana sunkuyawa yana sara yana tarawa cikin rana, kuma da yake da nauyin abin da ya yanka ake biyansa, hutun da zai yi don shan ruwa ragi ne a aljihunsa. A yankin Chichigalpa na Nikaraguwa da gaɓar El Salvador, ciwon ƙoda ya kashe dubban irin waɗannan ma'aikata, galibinsu majiya ƙarfi marasa ciwon sukari, kuma hujjar da ta fi ƙarfi wurin likitoci ita ce aiki mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, zafin da ke ƙaruwa. A jihar São Paulo ta Birazil, Marcos Rangel da Tom Vogl sun nuna cewa matan da iska ke kai wa hayaƙin ƙonar rake a ƙarshen goyon ciki sukan haifi jarirai marasa nauyi. Jihar ta yi doka a 2002 da yarjejeniya a 2007, ta maye ƙona da injin yanka, iska ta gyaru, amma masu adda da yawa suka rasa abin yi. A Indonesiya kuwa, gobarar 2015 ta cinye hekta miliyan 2.6, Bankin Duniya ya ƙiyasta hasarar a dala biliyan 16, masanan jami'o'in Harvard da Columbia suka ƙiyasta cewa hayaƙin ya gaggauta mutuwar mutum wajen 100,000 a ƙasar da maƙwabtanta. Gaskiya ne yawancin manja a girki da sabulu yake ƙarewa, kuma ba masu kwakwa kaɗai ke cinna wuta ba, amma duk wata sabuwar buƙata da doka ta ƙirƙira ƙarin dalili ce na busar da fadama.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya ake sa wa rai farashi? Masanan suna duba abin da mutane ke yarda su biya don rage haɗari kaɗan, su tara shi, hukumar muhalli ta Amurka ta daɗe tana aiki da dala miliyan 7.4 ga kowane rai bisa darajar kuɗin 2006. Haka kuma ɓarnar tan ɗaya na iskar kabon, gwamnatin ƙasar ta sa ta dala 51 a 2021, ta ɗaga ta zuwa 190 a 2023, wanda ke nuna cewa ijtihadi ne mai karɓar gyara. Shari'a ma da ta ƙayyade diyya da raƙuma 100 ba ta nufin wannan ne tamanin rai, manufa ita ce kada jini ya tafi a banza. Aibin wannan awo na zamani shi ne, tun da ya dogara ga abin da mutum ke iya biya, ran talakan Sumatra ta Indonesiya yakan fito da araha bisa na attajirin Chicago, kuma wannan bai dace da adalci ba. Amma wanda ya ƙi awon baki ɗaya ya san cewa abin da ba a auna ba sifili ake rubuta masa.

Cutar tsirrai ma tana da hisabinta. Serge Savary da abokansa sun ƙiyasta a 2019 cewa ƙwari da cututtuka na cinye kashi 22.5 cikin 100 na masarar duniya da kashi 30 na shinkafa, Curtis Deutsch kuma ya nuna a 2018 cewa kowane ƙarin digiri ɗaya zai ƙara ɓarnar ƙwari da kashi 10 zuwa 25. Masana'antar mai tana son iri ɗaya, fili ɗaya, shekara bayan shekara, wannan kuwa shi annoba ke nema. A 1970 wata cutar ganye ta lalata wajen kashi 15 na masarar Amurka, saboda kusan kashi 85 na irin da aka shuka tsatsonsa ɗaya ne. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan darasi, domin a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta bi gonakin arewacin Nijeriya, ganye ya murɗe ya yi rawaya, tsiro ya tsumbure, aka tuge ba 'ya'ya, ta lalata wajen hekta 700,000, hasarar da aka ƙiyasta a dala miliyan 250, a bisa raunin da fari ya riga ya yi; dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi yadda take ba.

An nemi mafita ta hanya biyu, duka ba su cika alkawari ba. Ta farko ita ce bini-da-zugu, wannan tsiron da muke shinge da shi a ƙauye, wanda dabba ba ta ci, 'ya'yansa kuma cike da mai. Wajen 2007 aka yi ta yayata cewa zai yi a ƙasar da ta gaji, ba ruwa ba taki, kamfanin BP ya zuba jari ya janye a 2009, kamfanin Sun Biofuels ya karɓi wajen hekta 8,000 a Kisarawe ta Tanzaniya ya durƙushe a 2011, ya bar ƙauyawa ba aiki ba fili. Abin da aka gano a makare shi ne tsiron yana rayuwa a busasshiyar ƙasa, amma ba ya ba da 'ya'yan kirki sai a ƙasa mai kyau, watau wadda hatsi ke so. Ta biyu ita ce yin etanol da kara da ciyawa, wanda dokar 2007 ta sa ran zai kai galan biliyan 16, amma manyan masana'antu 3 da aka buɗe a Iowa da Kansas a 2014 da 2015 duk sun tsaya kafin 2020 saboda tsadar sarrafawa. A ƙasarmu ma kara ba shara ba ne, da shi ake danni, shi dabba ke ci da rani, abin da ya saura ya koma taki.

Hukuncin da nake ganin hujjoji sun kai mu gare shi shi ne, raken da aka noma a tsohuwar gona ba tare da ƙona ba ya ci jarrabawa, masara ribarta ga yanayi shakka ce alhali cutarwarta ga mai saye tabbas ce, manjan da aka sare kurmi dominsa kuwa ɓarna ce da babu uzuri a kanta. Nijeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai tun 2007, da niyyar gauraya kashi 10 na etanol daga rogo da rake, kuma maganar takan taso duk sa'ad da fetur ya yi tsada. Inda na ga maslaha bayyananniya shi ne murhu, domin hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, kuma etanol da aka yi da maɗin da ke saura a masana'antar sukari irin ta Numan zai iya rage wannan ba tare da an taɓa buhun kowa ba. Amma rogo da masara da dawa abincinmu ne. Ina roƙon 'yan majalisa da sarakunanmu, kafin su sa hannu a ba wani kamfani fili don noman mai, su nemi masanan cibiyar binciken gona ta Samaru, da takwarorinsu na INRAN a Nijar, su rubuta a fili abin da ke kan filin yanzu, da masu ci daga gare shi, makiyaya da masu itace duka, da abin da mudu zai koma in damina ta gaza; a karanta wa mutanen wurin da harshensu, in ba su yarda ba a bar musu ƙasarsu.